Wai da gaske jiki yana sabawa da barcin awa huɗu?

Baban Walid: Ni fa maganar nan da ake yi cewa sai mutum ya yi barcin awa takwas ban yarda da ita ba. Sha biyun dare nake rufe shago, kafin asuba na tashi, lafiyata lau. Jiki yana sabawa. Yawan barci na malalata ne.

Anti Nas: Alhaji, yaushe rabonka da a auna maka jini? Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Kuma jin ka saba ba shi ne lafiya ba. A 2003, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, an taƙaita wa wasu barci zuwa awa shida har mako biyu. Kullum natsuwarsu raguwa take yi a gwaji, har suka koma kamar wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, su kuwa cewa suke ɗan gyangyaɗi kawai suke ji.

Malamin Lissafi: Anti, ina da ja kan maganar da ake yi cewa ƙarancin barci na jawo ciwon suga. Wanda ba ya samun barci galibi shi ne mai bashi, mai damuwa, mai aiki biyu. Ta yaya za a gane rashin barcin ne ya jawo ciwon suga, ba wahalar ba?

Anti Nas: Tambayarka ta yi, Malam. Shi ya sa aka gwada a kan masu lafiya. A 1999, a Jami'ar Chicago, an sa samari 11 kwanciyar awa huɗu kacal, dare shida a jere. Jikinsu ya yi nauyi wajen kwashe suga daga jini, kamar na wanda ya kama hanyar ciwon. Ba bashi, ba talauci, barci kawai aka rage. Sannan idan mutum yana barci, bugun jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta huta. Kai da ke yanke daren, wannan hutun kake yankewa.

Ɗan Autan Zaure: Amma Anti, akwai masu halittar gajeren barci. A 2009 an gano wata uwa da 'yarta da ke da wani sauyi a ƙwayar gado, awa shida na isar su.

Anti Nas: Akwai su, ƙanena, amma 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma shida ce, ba huɗu ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2015 cewa ta yi baligi ya samu bakwai ko fiye.

Maman Husna: To masu kwana har hantsi fa? Na ji su ma ba su tsira ba.

Malamin Lissafi: Nan ne nake ganin an juya magana, Hajiya. Sau da yawa ciwon ne ke kwantar da mutum, ba kwanciyar ce ta kawo ciwon ba.

Direban Tirela: Ku yi haƙuri, duk wannan lissafin masu albashi ne. Ni da nake kan hanyar Legas zuwa Kano, wa zai ba ni awa bakwai?

Anti Nas: Wallahi ku ne kuka fi damuna, yayana. Ka riƙe ƙailula ko ta rabin awa ce, ka rage goro da shayi idan za ka kwanta, kuma ka riƙa auna jini da suga. Ba za ta biya bashin dare duka ba, amma tana ragewa.

Baban Walid: Awon jinin zan je ranar Litinin. Amma rufe shago ƙarfe goma, wannan sai mun sake zama.