Ɓari uku a jere, me ke jawo shi?

Baiwar Allah: Assalamu alaikum, a ɓoye sunana don Allah. Shekara huɗu da aurena, ɓari uku a jere, na ƙarshen sai da aka yi min wankin ciki. Uwar mijina ta ce son jikina ne ya yi yawa, ƙanwarsa da aka aurar bayana 'ya'yanta biyu, ko suna na je sai an yi min habaici. Maganin sanyi kuwa na sha har na gaji. Ku taimaka min.

Sista: Allah ya kawo mai albarka. Amma cikin yana sati nawa yake zubewa? Komai a nan yake. In kafin sati 12 ne, kusan rabin irin wannan ɓarin daga halittar ɗan tayin ne. Likitan mata zai duba suga, sinadarin maƙoƙo, da gwajin antifosfolifid, ciwon da ke sa jini daskarewa a mabiyiya. Shi wannan sau biyu ake yi, sati 12 tsakani. In ya tabbata, asfirin 75mg da allurar hefarin ake bayarwa, likita na bibiya. In kuwa sai cikin ya haura wata uku, faya ta fashe ba naƙuda, bakin mahaifa ake zargi, ana ɗaure shi a ciki na gaba tsakanin sati 12 zuwa 14.

Maman Ilham: Duphaston, maganin riƙe ciki, kawai za ki fara da kin ga ɓatan wata. Asibitin nan sai mace ta bi layi tun asuba a sallame ta a minti biyu, wa zai tsaya yi mata wannan lissafin?

Sista: A'a Maman Ilham. Maganin riƙe ciki ya fi amfanar wadda ta taɓa ɓari kuma take ganin jini, ba ya gyara suga ko shamakin cikin mahaifa, wato tsokar da ke raba cikinta biyu.

Baiwar Allah: Ai na yi sikanin har biyu, an ce mahaifata lafiya lau. Mai kemis ɗin da ya ba ni maganin sanyin kuma ba jahili ba ne.

Sista: Sikanin na kan ciki yakan tsallake shamaki, sai na 3D ta gaba. Maigidan ma akan gwada jininsa. Har yanzu ba ki ce sati nawa ba.

Baiwar Allah: Shi dai ba zai je ba, kuma ban ga laifinsa ba. Maman Ilham, nawa ake sayar da Duphaston ɗin?