Idan gwamnati ta haramta kirifto, ina makomar kuɗin da ke cikin walat?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya ɗaure min kai. Kullum ana cewa babu gwamnatin da za ta iya kashe Bitcoin, amma kusan kowace shekara sai a ji wata ƙasa ta hana, wata ta ce sai da lasisi. To dokar a kan me take hawa? Wanda ke da kuɗi a walat, idan aka wayi gari ƙasarsa ta haramta, sun tafi ke nan ko suna nan? Sannan masu cewa USDT, koyin ɗin nan da aka jingina darajarsa da dalar Amurka, ya fi aminci tunda ba ya hawa ba ya sauka, haka ne? Don Allah masana ku warware mana.

Mai Makulli:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin dubawa na farko shi ne makullin a hannun wa yake. Sunan walat ɗin ne ke ruɗa mutane, don babu ko sisi a cikinta. Kuɗin suna rubuce ne a kundin da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da walat ke ajiyewa makullin sa hannu ne, wanda ake fitarwa daga kalmomin sirri 12 ko 24 ɗin nan da aka ba ka ranar buɗewa. Idan kalmomin suna wurinka, ko an goge manhajar, ko wayar ta faɗa ruwa, za ka zuba su a wata walat kuɗin su bayyana.

Idan kuwa a dandalin musaya ka bar su, to bashi kake bin kamfanin, makullin nasu ne. Dandalin Mt. Gox ya rushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, masu ajiya ba su fara karɓar Bitcoin ɗinsu ba sai 2024. Dandalin FTX ya bi sahu a Nuwamban 2022, aka nemi kusan dala biliyan 8 na jama'a aka rasa. A duka biyun kundin Bitcoin bai tsaya ko na awa ɗaya ba, mai riƙon amanar ne ya faɗi.

Game da haramci, dubi Sin a 2021. Kafin lokacin fiye da rabin ƙarfin haƙar Bitcoin na duniya a can yake (haƙa shi ne aikin injinan da ke rubuta hada-hada a kundin, ana biyan su lada da sabon Bitcoin). Da aka kashe injinan sai fitar bulok, wato sabon shafin kundin, ta yi jinkiri, amma tsarin yana gyara wahalar haƙa duk bayan bulok 2016, wato kamar mako biyu, don a dawo kan minti 10 kowane bulok. A Yulin shekarar wahalar ta sauka da kusan kashi 28 cikin ɗari, injinan suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kazakistan, aka ci gaba.

Saboda haka doka a bakin ƙofa take tsayawa, wurin da kirifto ke komawa kuɗin ƙasa. Babban bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar a Fabrairun 2021, ciniki ya koma P2P, wato tsakanin mutum da mutum kai tsaye, a Disambar 2023 aka janye umarnin. Indiya ba ta hana ba, sai ta ɗora harajin kashi 30 kan riba a 2022, da cire kashi 1 a kan kowane sayarwa. Kuɗinka suna nan, amma sayar da su zai yi tsada da haɗari, kuma inda aka mayar da abin laifi, laifin yana kanka.

Malama Lissafi:
Malam Mai Makulli ya gama da Bitcoin, amma bayaninsa bai rufe USDT ba, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. USDT kamfani ne ya buga shi, wato Tether, kuma yana da ikon daskarar da kuɗin kowane adireshi, ko da kalmomin sirrin suna aljihunka. Yana yin hakan idan hukumomi suka nema. USDC na Circle ma haka yake.

"Ba ya sauka" kuma ya danganta da abin da aka jingina shi a kai. UST na Terra, wani koyin da shi ma aka ce daidai yake da dala ɗaya, ba shi da dala a ajiye, da lissafi da wani koyin mai suna Luna aka tokare shi. A Mayun 2022 mutane suka yi rububin fita, tsarin ya riƙa buga Luna ba iyaka don cike giɓi, cikin 'yan kwanaki dukansu suka zama toka. USDC yana da ajiya ta gaske, amma da bankin Silicon Valley ya durƙushe a Maris 2023 da dala biliyan 3.3 na ajiyar a ciki, sai da ya sauko kusan santi 87 kafin ya koma daidai.

Shi ya sa sababbin dokoki suka fi matsa wa wannan ɓangaren. Dokar MiCA ta Tarayyar Turai ta fara aiki a kan koyin ɗin da aka jingina da kuɗin ƙasa a Yunin 2024, sauran dokar a Disamba, har wasu manyan dandali suka cire USDT ga mazauna Turai. Amurka ta sa hannu kan dokar GENIUS a Yulin 2025: kowane koyin ɗaya sai da dala ɗaya a bayansa, tsaba ko takardun bashin gwamnati na gajeren zango, kuma a bayyana ajiyar duk wata. Tambayar da dandali ke yi maka ta "wa kake tura wa?" ita ma ba shisshigi ba ne nasu, ƙa'idar FATF ce, hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, tun 2019, cewa bayanan mai turawa da mai karɓa su bi kuɗin.

Injiniya Waya:
Ɗan Koyo, idan bayanin nan ya sa za ka kwashe zuwa walat ɗinka, bi a hankali, don nan babu ofishin kai ƙara.

Rubuta kalmomin a takarda, a jere yadda suka zo. Ban da ɗaukar hoto, ban da ajiyewa a imel. Kafin ka zuba kuɗi, goge walat ɗin ka dawo da ita da takardar, ka tabbatar adireshin bai canza ba. Sai ka tura ɗan kaɗan na gwaji, ya iso, sannan sauran.

Kula da layin da ka zaɓa, don USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban, kamar Tron da Ethereum da BNB. Adireshin Tron da T yake farawa, na Ethereum da 0x. Tarkon shi ne na BNB ma da 0x yake farawa, don haka manhaja ba za ta hana ka kuskure ba. Idan walat ɗinka ce, kuɗin suna kan ɗaya layin, za a iya ganowa. Idan ta dandalin da ba ya karɓar layin ce, sai yadda suka ga dama. Kuma USDT ba ya biya wa kansa kuɗin turawa: sai da koyin ɗin layin kansa, a Tron TRX, a Ethereum ETH. Mutum zai ga kuɗinsa ƙuru-ƙuru ya kasa motsa su saboda wannan.

Kada ka kwafi adireshi daga tarihin hada-hadarka. Ɓarayi suna turo ɗan ƙwaya daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, don ka kwafa ba ka lura ba. Sannan ka shirya yadda magada za su kai ga takardar, don idan rai ya yi halinsa babu kotun da za ta iya fito da makulli.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. To nan gaba fa, za a kai ga sayen kaya da Bitcoin kamar kuɗin hannu?

Mai Makulli:
Ni dai ban gani ba. El Salbado ta mayar da shi kuɗin ƙasa a Satumbar 2021, amma a farkon 2025 ta gyara dokar, karɓarsa ya zama ganin dama, a cikin yarjejeniyar rancen dala biliyan 1.4 da IMF, asusun ba da lamuni na duniya. Inda ya samu gindin zama kasuwar hannun jari ce, tun da Amurka ta amince da asusun ETF na Bitcoin, wato asusun da ke riƙe Bitcoin ana sayen hannun jarinsa, a Janairun 2024. Ya zama abin ajiya, aikawa kuma ta koma hannun su USDT.

Malama Lissafi:
Haka ne Malam, sai dai akwai ƙullin da ba a kwance ba. Ladan masu haƙa ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125 a kowane bulok a Afrilun 2024, zai sake rabewa wajajen 2028, kuma an riga an haƙo fiye da miliyan 19 cikin miliyan 21 da za a taɓa samu. Idan ladan ya ƙanƙance, kuɗin turawa ne zai riƙe masu tsaron kundin. To idan kowa ajiyewa yake yi a ETF ba ya turawa, wa zai biya su?