Me za mu kira ma'aikacin jirgin da ba a kore shi ba, amma an ce ya zauna a gida?

Mai tambaya, daga Jidda:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce wadda Turawa suke kira "furlough". A ranar 15 ga Maris na 2020 aka dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa a nan Saudiyya saboda annobar korona, bayan an riga an rufe ƙofar Umra ga baƙi tun ƙarshen Fabrairu. Ƙanena yana lodin kaya a filin jirgi ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, sai aka ce su zauna a gida, babu albashi, sai an neme su. Kafin labarin ya isa Kano ya zama "an kore shi", har mahaifiyarmu ta kira ni da asuba, ta sassauta murya, tana tambaya ko jakar wani alhaji ce ta salwanta a hannunsa. Na yi ta kame-kame, domin ba ni da kalma guda da zan faɗa mata hankalinta ya kwanta. Yanzu ina fassara wani bayani kan wannan lokacin, kuma na sake cin karo da ita.

Wani dattijo, daga Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana. Hajiya ba ta yi kuskure ba, domin kora a Hausa ba ta zuwa sai da laifi a bayanta. Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Wanda ya yi laifi aka raba shi da aiki, an kore shi. Wanda kasuwa ta faɗi aka raba shi da aiki ba da laifinsa ba, an sallame shi, kuma idan mutane da yawa ne sai mu ce an rage ma'aikata. Haka kamfanin British Airways ya sanar a Afrilun 2020 cewa ragin zai iya shafar mutum 12,000. Na uku shi ne naka, inda igiyar aiki ba ta tsinke ba. A Amurka, ranar 1 ga Oktoban 2020, da tallafin albashin da gwamnati take bayarwa ya ƙare, American Airlines ya tura mutum 19,000 gida, United kuma kimanin 13,000, da sharaɗin za a kira su idan al'amura suka daidaita, aka kuwa fara kiran su bayan an sabunta tallafin a watan Disamba. Ni dai a ganina "hutun dole" ya wadatar, tunda kunne ya saba da shi.

Wata malama, daga Madina:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini afuwa, ban gamsu da "hutun dole" ba. Duk wanda yake sauraron labaran gida ya san cewa idan aka ce an tura shugaban wata hukuma hutun dole, to bincike ne yake tafe, ke nan mun fitar da zargi ta ƙofa ya dawo ta taga. Haka "dakatarwa" take, ita ma da ƙanshin horo take zuwa. Kalmar "hutu" kanta tana damu na, domin magidancin da yake lissafin kuɗin haya da na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, alhali babu abin da yake shigowa, ba hutawa yake yi ba.

Bambancin nan kuwa a ƙasar nan ba na ado ba ne, na kuɗi ne. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba wanda aikinsa ya ƙare haƙƙin ƙarshen aiki, wato rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda aka sallama zai karɓi wannan, sannan ko ya samu wani kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, ya koma ƙarƙashinsa, ko a buga masa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Wanda aka ce ya zauna a gida bai isa ya nemi wannan haƙƙi ba tukuna, tunda yarjejeniyarsa tana nan da ranta. Ko tallafin Sanid, wato inshorar rashin aiki ta Saudiyya, wanda ya biya kashi 60 cikin ɗari na albashi a 2020, na 'yan ƙasa ne, bai haɗa da baƙi ba. Saboda haka mai fassarar da ya rubuta "sallama" a inda ba sallama aka yi ba, zai iya sa iyali su zauna jiran kuɗin da ba za su zo ba.

Shawarata ita ce "jingine". Mun saba jin an jingine yajin aiki, ko an jingine shari'a, kuma kowa ya fahimci cewa ba a gama da abin ba, an dai ajiye shi ne da niyyar komawa kansa. Sai mu ce kamfani ya jingine ma'aikata 500, ko an jingine wane daga aiki.

Dattijon Makka:

Malama, kin kama ni a kan hutun dole, na janye. Sai dai ina jin nauyin a jingine mutum kamar tsani ko buhun gero, ga kuma "jingina" da take nufin kayan da aka bayar a karɓi bashi. Idan aka ce "jinginar ma'aikata", wani zai ɗauka kamfani ya kai su banki ne.

Malamar Madina:

Gaskiya ne, Baba, don haka kada mu yi amfani da "jingina" ko kaɗan. Mu kuma ɗauke kalmar daga kan mutum mu ɗora ta a kan aikin: an jingine aikinsa, ko an jingine ayyukan mutum 19,000. Sunan abin sai ya zama "jingine aiki". Idan akwai buƙata a ƙara bayani, sai a ce da rabin albashi ko babu albashi, domin tsarin ya bambanta. A Birtaniya, alal misali, gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin irin waɗannan ma'aikata a farkon annobar.

Mai tambaya, daga Jidda:

Na gwada shi a cikin fassarar, ya kuwa zauna daram. Batun rage zirga-zirga bai ba ni wahala ba, domin duk wanda ya taɓa jiran jigilar alhazai ya san "sawu", sai na rubuta cewa kamfanin ya rage sawu, ya ajiye wasu jirage, ya jingine ayyukan wasu ma'aikata, ya sallami wasu. Abin da ya rage mini shi ne ranar da aka ce su dawo. Na fara rubuta "an mayar da su bakin aiki", sai na tuna haka ake faɗa wa wanda kotu ta wanke bayan an kore shi, don haka na bar shi a "an kira su sun koma aiki". Idan Baba ko Malama suna da wadda ta fi wannan, ina saurare kafin in miƙa aikin ranar Alhamis.