Tun kafin a yi hatsari, ta yaya ake gane kamfanin inshorar mota mai biyan diyya?

Jama'a, ina neman shawarar masana harkar inshora. Takardun kamfani biyu ne a gabana, duka cikakkiyar inshora ce (mai biyan ɓarnar motar mutum da wadda ya yi wa wasu), ta mota mai shekara 7. Na farko ya fi araha, amma kason da mai mota zai fara biya daga aljihunsa ya fi yawa, kuma suna cire kuɗin tsufa a kayan gyara: in an canja bamba ko fitila, ba za su biya kuɗin sabuwa ba. Na biyun da tsada, sai dai za a rubuta darajar motar tun yanzu, maimakon farashin kasuwa ranar hatsari. Wannan lissafin na iya shi.

Inda na maƙale shi ne hidimarsu. Masu tallata inshorar kowa da fara'arsa, sashen diyya ne abin dubawa. Kwana nawa mai kimanta ɓarna ke yi kafin ya zo? Garejinsu dole ne, kuma kayan asali ake sawa? A ina ake ganin ƙorafin da aka kai su gaban hukumar inshora? Wane alkawari zan sa su rubuta kafin in sa hannu?