Wane harsashi zan zuba wa libarba mai gajeren baki?

Ɗan Azare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lasisina na ɗaukar bindiga a ɓoye ya fito a nan jihar Jojiya ta Amurka. Smith & Wesson 642 ce, mai cin biyar, .38 Special, bakinta bai cika inci 2 ba. Tsakanin harsashin Speer Gold Dot mai giren 135 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne) +P, wato mai ƙarin ƙarfin albarushi, da Hornady Critical Defense mai giren 110, wanne? Akwai tsohon targaɗe a wuyan hannuna, ba na son mai shuri da yawa.

Bakatsinen Dallas: Sayar da ita ka sayi Glock 19. Ina biyar, ina goma sha biyar?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ɗan Azare, gajeren baki yana rage wa harsashi gudu, shi kuwa harsashi mai kogon kai, irin waɗannan biyun, sai da gudu yake buɗewa in ya shiga abin da aka harba. Wannan Gold Dot ɗin don gajeren baki aka yi shi, 'yan sandan New York sun yi aiki da shi. Ma'aunin FBI, wanda ya biyo bayan musayar wutar Miami ta 1986, shi ne harsashi ya shiga jel ɗin gwaji mai kwaikwayon naman jiki inci 12 zuwa 18. Matsalar mai kogo, tufa mai kauri kan cushe kogon ya ƙi buɗewa. Don haka Hornady suka toshe nasu da jar roba. Na 110 wanda ba +P ba ya fi sauƙin shuri, sai dai yakan sauka ƙasa da inda ka auna, don saitin irin waɗannan bindigogi ba ya motsi, galibi da mai giren 158 aka daidaita shi. Gwada duka biyun a yadi 7.

Alhaji Mai Goro: Ko wanne za ka saya, ka guji harsashin leda da ake durawa da hannu ana sayarwa a kasuwar baje kolin bindigogi. Ƙanin matata ya kwaso don araha. Bindiga mara nauyi tana fizgar kwanso baya, kan harsashin ya riƙa zamowa gaba in ba a matse bakin kwanson sosai ba. A harbi na uku kan ya leƙo, gangar ta cije, kunama ta ƙi janyuwa. Da aka gyara bai daddara ba. Wani ya zo babu albarushi, ya yi "tus" ya maƙale a bututu, na bayansa ya same shi, bututun ya kumbura. Bindiga ta tafi, mai leda ya naɗe teburinsa, ko lambar waya babu. Allah ya isa!

Malam Tanko: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Gwajin zamowar nan ba wuya: zuba biyar, yi wa ɗaya alama da maka, harba huɗun, ciro mai alamar ka jera shi da sabo. Maimaita sau biyu da shi ɗin dai. In ya ƙara tsawo, sauya kamfani. Kuma in ka ji ƙara ta yi rauni, tsaya ka duba bututu.

Bakatsinen Dallas: Gold Dot ɗin kwali mai 20 dala 35 na same shi fa.

Na Columbus: An cuce ka. Kwali mai 50 na gani dala 45 a intanet.

Alhaji Mai Goro: Sa kuɗin aike tukuna ka dawo mu yi magana.

Maman Hanifa: Duk kun manta da targaɗen. Yaya, nemi mai shafaffen kai, giren 148, irin na gasar harbi. Shurinsa kaɗan ne, ba ya jiran buɗewa, kuma yana shiga yadda ake so. Aibinsa wajen sake ɗuri ne, kan ba ya zamewa cikin ramin ganga da sauri, sai ka riƙe mai kogo a matsayin na biyu.

Bakatsinen Dallas: Harsashin huda takarda? A YouTube kika gani, Hajiya?

Maman Hanifa: Masu koyar da harbi ke ba masu ciwon hannu shi. Kai da ka ce a sayar da bindigar, me ya kawo ka zancen harsashinta?

Na Columbus: Ku bar shi ya aika gida a kawo masa layar ɓata da guru, ba lasisi ba shuri.

Alhaji Mai Goro: Layar ma sai kwastan sun buɗe ta. Amma batun gaskiya, mai zuwa New Jersey ya karanta dokarsu kan mai kogon kai, lasisin Jojiya ma ba ya aiki can.

Na Columbus: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya binciken NICS ne, wato binciken da FBI ke yi wa mai sayen bindiga. Mai suna Muhammad ko Abubakar ya cike fom 4473 na sayen bindiga, sai a ce a dakata, kwana uku na aiki, wasu shagunan ma ba sa bayarwa sai amsa ta zo.

Malam Tanko: Karon suna ne yawanci. Rubuta lambar Social Security a fom ɗin ko da ba dole ba ce, in abin ya ci gaba ka nemi lambar UPIN, wadda ke bambanta ka da masu irin sunanka, wajen FBI. Mai girin kad yana iya saye. Ɗalibi mai biza kuwa ko harsashi doka ta hana shi, sai in yana da lasisin farauta ko makamancinsa.

Bakatsinen Dallas: UPIN ɗin wata nawa take ɗauka? Kuma sai an kai zanen yatsu?