Me za mu kira "komik" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Abin nan da masu Ingilishi suke kira komik, labarin da ake zanawa hoto bayan hoto a shafi, mutanen ciki suna magana, me za mu ce masa da Hausa? Ina dab da gama nawa na farko, kuma ba na son in rubuta "komik" a bango in wuce. Ga waɗanda na ji ana faɗa, da abin da ya hana ni ɗaukarsu.

Wanda ya fi yawo shi ne "zanen barkwanci". A muhallinsa daidai ne: hoto ɗaya tal a shafin jarida, ɗan siyasa da ƙaton tumbi, ka yi dariya ka yi tsaki a lokaci guda, irin wanda Mustapha Bulama ya yi suna da shi a Daily Trust. Amma nawa labarin wata yarinya ce da ambaliya ta raba da iyayenta, tana bin sansani sansani tana cigiya. Ina barkwancin yake? Su kansu Turawan sunan nan ya ɗaure su. Asalin komik "abin dariya" ne, domin a shekarun 1890 jaridun Amurka suna buga shi ranar Lahadi don a yi nishaɗi. Sunan ya maƙale, abin kuwa ya girma ya bar shi a baya. A 1992 aka ba mai zane Art Spiegelman babbar kyautar Pulitzer ta Amurka saboda littafinsa Maus, labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanin 'yan Nazi na Auschwitz, inda ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. Wannan ma komik suke ce masa. Mu da muke raɗa suna yanzu, me zai sa mu gaji matsalarsu?

"Katun" kuma a kunnen Bahaushe abin da yake motsi ne a talabijin, yara sun zagaye shi. Na kai shafukana wani shagon buga takardu in tambayi farashi, mai shagon ya ɗaga ɗaya ya ce, "Au, katun ɗin yara ne," nan take ya jawo mini takardar da ta fi kowace araha. Ga shi kuwa baƙin da na cika sararin daren da shi, irin takardar nan ba za ta riƙe shi ba, sai ya huda ta ya fito ta baya.

"Littafin zane" shi ne wanda ɗan firamare yake saya babu komai a ciki. "Labarin zane" kuma a rubuce yana da tarko, tunda ba ma nuna tsawon wasali: mai karatu zai iya ɗauka labarin zanen ɗaurawa ne, ko labari a kan sana'ar zane.

*

Amsar wani ɗan uwa daga Damagaram:

'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Mu nan Nijar "bede" muke cewa, harafin farko na kowace kalma a sunan Faransanci, band desine, wato tsiri da aka zana. Can Faransa da Beljiyam ba su raina abin ba ko kaɗan, fasaha ta tara suke kiranta, kuma a 1974 aka fara yi mata biki a garin Angulem na Faransa. Ni a ganina ki ce "jerin zane". Ai jerin shi ne ruhin abin.

*

Na gode, yayana. Maganar jeri ta kama ni sosai, don a nan aikin yake. Ni bayan sallar asuba nake zama, kafin gida ya tashi a fara kiran sunana. Ba na fara zanen gaske sai na ɗauki tsohon littafin makaranta na tsaga shafi da biro, 'yan murabba'ai kamar girman akwatin ashana, mutanen ciki kai da sanda kawai. A nan nake yanke abin da za a gani da wanda za a ɓoye. Misali: hoto na farko, yarinyar tana riƙe da hannun ƙanenta a bakin ruwa. Hoto na biyu, hannunta a buɗe, babu kowa. Ban zana lokacin da ya suɓuce ba. Mai karatu ne yake zana shi a zuciyarsa, a 'yar tazarar da ke tsakanin hotunan biyu, kuma nasa ya fi duk wanda zan iya yi zafi. Sai na gamsu da wannan kafin in ɗauki hotonsa da waya in shiga manhajar zane ta ibisPaint in bi layin da yatsa.

To amma "jerin zane" ya kama jeri ya saki labari. Kundin samfurin ɗinki da ke kan teburin tela shi ma jerin zane ne.

*

Amsar wani malamin Hausa:

'Yata, Allah ya yi albarka. Kada ki je nesa, harshen ya riga ya yi miki hanya. A nazarin adabi muna cewa waƙar baka da rubutacciyar waƙa, muna cewa rubutaccen zube, rubutaccen wasan kwaikwayo. Daga "rubuta" aka sami rubutacce, rubutacciya, rubutattu. To daga "zana" ma haka ne: zananne, zananniya, zanannu. Labarin da aka rubuta rubutaccen labari ne, wanda aka zana kuwa zanannen labari. Jam'insa zanannun labarai. Labari shi ne uban tafiya, zane ya zama siffarsa, kuma babu mai karanta "zanannen" ya tuna da atamfa. Larabawa ma kusan haka suka bi, ƙisas musawwara suke cewa.

*

Malam, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Tun ɗazu nake jujjuya ta a baki. "Ina rubuta zanannen labari." "Shagon nan yana sayar da zanannun labarai." "Zananniyar hikaya ce, ta fi shafi ɗari." Duk sun zauna daram, babu inda harshe ya yi tuntuɓe. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yanke wa abin hukunci ba. Na dariya ya shiga, na kuka ya shiga, na jarumai masu tashi sama irin Superman da ya fara fitowa a 1938 ya shiga, Papa Ajasco na Wale Adenuga da ya faro a mujallar Ikebe Super kafin ya koma talabijin shi ma ya shiga. Ni dai na karɓa.

*

Amsar wata ƙawa daga rukuninmu na masu karatun manga, wato komik ɗin Japan:

Ke dai kin san mutanenmu. Ranar da sabon babi ya fito kowa ya ƙone datarsa yana jira, wa zai tsaya rubuta "zanannen labari"? Manga za su ce, ko da a Fagge aka zana shi.

*

Ƙawata, manga ta zauna a inda take, ba na korar ta. Sunan na Japan ne, da salonsu na baƙi da fari, da mujallunsu na mako mako, da karatunsu daga dama zuwa hagu. (Kin tuna yadda ake ta yi wa sababbin masu karatu gargaɗi kada su fara daga baya? Mu da muka tashi da allo da ajami ko gezau, idonmu ya riga ya san hanyar.) Manga zanannen labarin Japan ne, bede na Faransa da Beljiyam, namu kuma namu. In tsawo ne damuwar, baki zai datse ta da kansa: "Kin ga sabon zanannen nan?" Har na ji daɗinta a haka.

Tunda Malam yana kusa, bari in zube sauran kayan. Kowane murabba'i da hoto yake ciki ni "gida" nake ce masa, farin da ya raba gida da gida kuma "lungu", domin shafin yana kama da unguwa in ka hango ta daga saman bene. Sai in ce wa mai taya ni aiki, "Faɗaɗa lungun nan, ina son a ji lokaci ya wuce," ya gane ba tare da dogon bayani ba.

Sautuka kuwa a nan Hausa ta fi ƙarfin aro. Ina jin takaici in ga matashi ya zana dambe a Kano ya rubuta ƙarar naushi da Ingilishi, alhali muna da amsa-kama jibge. Mari fau! Faɗuwa tim! Tsunduma ruwa tsundum! Rufe ƙofa garam! Jifa a goshi ƙwal! A shafin da katangar gidan su yarinyar ta rushe na rubuta "rugugugum" da manyan haruffa suna gangarowa daga saman gidan hoton zuwa ƙasansa, na ba ƙanena ya karanta, sai na ga ya ɗage kafaɗa kamar ƙasar za ta zubo masa.

Abin da ya rage mini shi ne zagayen nan mai 'yar jela da ake rubuta maganar mutum a ciki. An ba ni "balan-balan ɗin magana", ya yi mini tsawo kuma ya yi wasan yara. An ba ni "kumfar magana", amma kumfa ta fi dacewa da na tunani, wanda ake zanawa kamar gajimare da 'yan ɗigo suna bin kan mutum. Ina buƙatar kalma biyu da za su rabu sarai, ɗaya ta abin da aka furta, ɗaya ta abin da aka bari a zuci, kuma gajeru, yadda zan iya rubuta su a gefen shafi da fensir. Malam, yayana na Damagaram, me kuka gani?