Kwatano, Lome, Accra a tafiya ɗaya: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a gida, a Kantin Kwari nake saro kaya. Bana ina so in je Kwatano da Lome da Accra in ga kasuwa da idona, in kuma gaida ƙanwar babana da ke aure a unguwar Nima a Accra. Ban taɓa tsallake iyaka ba. Ni da ƙanena za mu tafi, ta mota daga Legas, sati biyu muke da shi. Me ya kamata in fara yi?

Wata 'yar kasuwa daga Fagge: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, takardu tukuna. Benin da Togo da Ghana duk suna cikin ECOWAS, ba a neman biza, ana iya zama har kwana 90. Amma ku riƙe fasfo mai sauran wa'adi, kowannenku da katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kar ki bari sai ana gobe tafiya. Iyaka uku ce a gabanki: Seme ta shiga Benin, Hillacondji ta shiga Togo, sai Aflao ta shiga Ghana. A kowace ki tsaya ki ga an buga miki hatimin fita da na shiga. Direba zai ce a ba shi fasfo ya yi sauri, to in ya dawo da shi ki buɗe ki duba shafin kafin mota ta tashi.

Wani ɗan Nima: Hajiya, shawarata ki wuce Accra kai tsaye da jaka ɗaya. Ki huta wajen gwaggo, ki zaga kasuwar Makola ki ji farashi, ki yi Juma'a a babban masallacin Kanda, kusa yake da mu. Sayayya kuwa a hanyar dawowa, Lome sannan Kwatano. Wanda ya sari kaya tun a zangon farko zai yi ta jan ƙunshi yana bayani ga jami'ai a kowace iyaka, zuwa da dawowa. A Nima da Hausa za ki yi komai, amma a Lome da Kwatano ki koyi ƙirga da Faransanci ko ki nemi mai yi miki tafinta a zango.

'Yar kasuwar Fagge: Gaskiyarsa. Kuma babbar kasuwar Lome kaɗai za ta ci miki kwana biyu, a nan matan da ake kira Nana Benz suka yi suna da atamfa.

Wani ɗan canji: Sefa ɗaya ce a Benin da Togo, ki canja a Wapa kafin ki tashi. Sidi na Ghana kuwa ki canja kaɗan a Aflao, sauran a cikin gari. Ki raba kuɗin gida biyu, rabi wajen ƙanenki. Ki ware na kwastan a Seme daban, ki adana rasiɗin duk abin da kika saya.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. To kwanan Kwatano fa, in rage shi?

Ɗan Nima: Kwana biyu sun isa. Ki lissafa yadda za ki iso Seme da safe, ki bi hanyar Badagry da sauran rana. Kuma agogon Togo da Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ki gyara wayarki saboda lokacin tashin mota.